Har yaushe za a jira tsohuwar kwamfaila?

A watan Fabrairun 2022 wani mai bincike kan tsaron manhaja, Jakob Koschel, ya aika wa masu kula da ƙwayar Linux wasu gyare-gyare. Abin da ya gano ƙarami ne a ido. A cikin ƙwayar akwai hanyar da ake bi a zagaya jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, da wani ɗan ma'aji mai nuna inda aka kai. Idan zagayen ya ƙare ba a samu abin da ake nema ba, ma'ajin yakan tsaya yana nuna wurin da babu abin kirki a cikinsa, amma a wurare da dama an ci gaba da aiki da shi kamar lafiya lau. Linus Torvalds ya hango maganin da zai kashe cutar daga tushe: a haifi ma'ajin a cikin zagayen, ya mutu tare da shi, ta yadda duk wanda ya taɓa shi daga baya kwamfaila da kanta za ta ƙi aikinsa. Sai dai ƙa'idar harshen C ta 1989, wadda aka shekara talatin ana rubuta Linux da ita, ba ta yarda da haka ba. Ta 1999 ce ta yarda.

Abin da ya buɗe ƙofa wata shawara ce da aka yanke 'yan watanni kafin nan, a fitowa ta 5.15, cewa daga yanzu ba za a ƙara gina Linux da GCC da ta gaza 5.1 ba. Da yake an sallami tsofaffin, babu sauran abin da zai hana, kuma a fitowa ta 5.18, cikin Mayun 2022, ƙwayar ta koma ƙa'idar C ta 2011. Linux ba laburare ba ce, amma na fara da ita saboda ta nuna abin a fili: lambar da aka rubuta a matsayin mafi ƙarancin kwamfaila ita ke yanke irin gyaran da za a iya yi da wanda ba za a iya ba.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, kwamfaila ita ce manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta da C ko C++ ko Rust zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Sanannu su ne GCC da Clang da ta Microsoft mai suna MSVC. Kayan gini kuwa, irin su CMake da Meson da Autotools, su ne madugan aikin: su ke duba abin da ke cikin kwamfutar, su tsara wane fayil za a fara da shi, su kira kwamfaila ta yi nata. Laburare shi ne tarin kod da aka rubuta don wasu manhajoji su ɗauka su yi amfani da shi, kamar mai matse fayil, ko mai ɓoye saƙo, ko mai buɗe hoto. Idan tushensa a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya gina da kayan da ke hannunsa, kuma daga nan rigimar take tasowa, domin kayan da ke hannun mutane ba iri ɗaya ba ne.

Mai manhajar da ake buɗewa a yi aiki da ita kai tsaye yana da sauƙi. Shi ke ginawa, ya miƙa wa jama'a abin da ya gama. Mai laburare ba haka yake ba. Shi kamar harsashin gini ne da ɗaruruwan gidaje ke zaune a kai. Ranar da ya ce sai C++17, duk manhajar da ta dogara da shi ta koma sai C++17, haka ma waɗanda suka dogara da su, har zuwa mutumin da bai taɓa jin sunan laburaren ba, wanda kawai ya wayi gari ya ga aikin da ya ginu jiya yau ya ƙi. GoogleTest, wanda dubban ayyuka ke gwada kansu da shi, ya daina karɓar abin da ya gaza C++14 a fitowa ta 1.13 a farkon 2023, sannan ya ɗaga zuwa C++17 a fitowa ta 1.17. Aikin da ya rantse zai tsaya a kan C++11 sai ya ga ko dai ya daskare a kan tsohon abin gwaji, ko ya bi ayari.

To me ke sa masu kula da laburare ɗaga lambar, alhali sun san za a yi kuka? Wanda bai taɓa riƙe irin wannan aiki ba yakan ɗauka son sabon abu ne. Akwai masu wannan hali, amma yawanci gajiya ce. Kowace tsohuwar kwamfaila da aka yi alkawarin tallafa wa tana barin tabo a cikin kod: nan a rubuta abu sau biyu, ɗaya na sababbi ɗaya na tsofaffi, can a kauce wa hanya miƙaƙƙiya saboda wata siga tana da aibu a wurin. Misalin da masu C++ ba sa mantawa shi ne GCC 4.8. A takarda ta cika ƙa'idar C++11, kuma fayil ɗin binciken tsarin rubutu mai suna regex yana nan, kod ya ginu ba gardama. Sai an kunna manhajar ta faɗi, domin cikinsa ba a gama rubuta shi ba sai a 4.9. Duk laburaren da ya ce yana tafiya da 4.8 dole ya san wannan rami, ya kewaye shi, ya kuma tsare duk sabon mai ba da gudummawa kada ya faɗa.

Sai kuma gwaji. Cewa ana tallafa wa wata kwamfaila ba tare da ana gina kod da ita a kai a kai ba, magana ce kawai. Kowace siga da aka ƙara a jerin gwaji lokaci ne da kuɗin inji, kuma tsofaffin sukan yi wuyar samu a injinan gwaji na zamani. Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a lissafi: matashin da ya koyi C++ na yau, ya kawo gyara mai kyau, aka mayar masa sau uku saboda wata kwamfaila ta shekara goma da bai taɓa gani ba ta ƙi. Da wuya ya dawo na huɗu. Mafi yawan laburaren da duniya ke hawa a kai mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da su, da dare, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su.

Yanzu su wa ke zaune a kan tsofaffin kayan? Nan ne nake ganin ake yawan kuskure. Akan ce a tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi da tsohuwar kwamfuta. Amma tsufan kwamfuta daban, tsufan kwamfaila daban. Ɗalibin da ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo mai shekara goma zai iya ɗora mata Debian 12, ya samu GCC 12 da CMake 3.25 kyauta, abin da zai kashe bai wuce data da haƙurin jiran saukewa ba. Masu tsohuwar kwamfaila galibi manya ne: bankuna, kamfanonin sadarwa, cibiyoyin bincike masu manyan injinan lissafi, da masana'antu. Su ne ke ɗora tsarin da aka yi wa alkawarin shekara goma, su ƙi taɓa shi. CentOS 7 ya fito a 2014 da GCC 4.8 da CMake 2.8, kuma bai yi ritaya ba sai 30 ga Yunin 2024. Tsawon wannan lokaci ya zama kamar turken da aka ɗaure laburare masu yawa a jikinsa, kowa na cewa a bari sai ya wuce.

Waɗannan manya suna da dalilinsu, kuma ban raina shi ba. Injin da ke riƙe da asusun mutane ko na'urar asibiti ba a sabunta su don marmari, kuma wasu sai hukuma ta sake tantancewa kafin a canza ko da kwamfaila ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashe kuɗin wannan zaman lafiya a ɗora wa ɗan sa-kai. Wanda ya zaɓi tsarin 2014 don kada komai ya motsa, ya kuma nemi laburaren da ya fito makon jiya, ya nemi abu biyu da ba sa haɗuwa sai wani ya biya. Kuma hanya tana nan: Red Hat da kanta ta daɗe tana ba da sababbin GCC da ake ɗorawa gefe guda a kan tsohon tsarin, an kuma tsara su yadda abin da aka gina da su zai yi aiki a kan tsarin ba tare da an canza shi ba.

Wannan ya kawo wani bambanci da ake yawan cakuɗawa. Akwai abin da ake bukata don a gina laburare, akwai abin da ake bukata don ya yi aiki bayan an gina. Na farko ya shafi mai gini kaɗai. Na biyu, wato sigar glibc, laburaren C na tsarin, ko ta ƙwayarsa, ya shafi duk mai amfani. Masu Python sun fahimci wannan da kyau: ma'auninsu na manylinux2014 yana gina kaya a kan CentOS 7 mai glibc 2.17, amma da sabuwar kwamfaila, sai a samu kod na zamani da ke gudana a kan tsohon inji. Mai laburaren da ya ce "mun ɗaga bukatunmu" bai faɗi wanne daga cikin biyun ba, ya tayar wa mutane hankali a banza, ko kuma ya ɓoye musu abin da ya kamata su sani.

Akwai dai waɗanda da gaske ba su da mafita. Mai ƙera ƙananan na'urori yakan karɓi kwamfaila daga kamfanin da ya sayar masa da guntun lantarkin, kuma idan kamfanin ya daina sabuntawa, shi ke nan. Sai masu injinan da zamani ya wuce amma suna raye. Labarinsu ya fito fili a Fabrairun 2021, lokacin da laburaren Python mai suna cryptography ya fitar da siga ta 3.4, wadda ta fara neman kwamfailar Rust wajen gini. Masu kula da shi, Alex Gaynor da Paul Kehrer, suna da hujja mai ƙarfi: laburaren tsaro ne, kuma kaso mai yawa na ɓarakar tsaro a C daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwar inji yake fitowa, abin da Rust ke toshewa tun wajen gini. Yawancin masu amfani ba su ji komai ba, don ginanne suke saukewa. Amma masu Alpine Linux da masu tsohon pip, manhajar saka laburaren Python, sun ga ayyukansu sun tsaya cak, kuma masu kula da Gentoo suka nuna cewa akwai injina irin su Alpha da PA-RISC da Itanium da Rust ba ta zuwa kansu sam. Ga waɗannan, "ku sabunta" ba amsa ba ce, domin babu abin da za su sabunta zuwa gare shi.

Na daɗe ina juya wannan rigima, kuma har yanzu ina ganin masu laburaren sun yi daidai a kan manufa. Ba za a hana miliyoyin mutane ƙarin tsaro saboda injinan da aka daina ƙerawa ba. Inda aka yi tuntuɓe shi ne isar da labari. Sun yi sanarwa tun da wuri, amma mutumin da laburaren ya shigo masa ta hannu na uku ba ya karanta sanarwar abin da bai san yana amfani da shi ba. Abin da ya rage zafin shi ne sun bar ƙofar baya na ɗan lokaci, wani saiti da ke ba da damar gini ba tare da Rust ba, kafin su rufe ta a siga ta 35 cikin 2021 ɗin.

A ɗaya gefen akwai masu haƙurin dutse. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da curl, ya sake duba batun komawa C99 a ƙarshen 2022, ya kuma tsaya a kan C89, yana ɗaukar sababbin abubuwa ɗaiɗai inda bukata ta kama. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kwamfailar Microsoft ta yi shekaru masu yawa ba ta cika C99 ba, ga shi curl na zaune a cikin motoci da talabijin da wayoyi da na'urorin da ba a ƙirguwa. Masu SQLite sun ce suna da niyyar tallafa masa har 2050. Ga irin waɗannan, shiga ko'ina shi ne hajar da suke sayarwa, don haka tsayawa a baya ba lalaci ba ne. Sai dai kada ƙaramin laburare ya dubi curl ya ce shi ma haka zai yi. Curl yana da injinan gwaji masu yawa da mutumin da wannan ne aikinsa na yini. Wanda ba shi da su, alkawarin da zai ɗauka ba zai iya cikawa ba.

Kuma zama wuri ɗaya ma ba kyauta ba ne, domin kayan aikin su ma suna sallamar tsohon kod. Layin farko na kusan kowane aikin CMake shi ne cmake_minimum_required, kuma aiki biyu yake yi: yana korar sigar da ta gaza lambar da aka rubuta, yana kuma gaya wa sabuwar CMake ta yi halin tsohuwar. Mutane da yawa sun rubuta 2.8 a wurin tun shekaru, suna ganin karamci ne ga masu tsofaffin injina. A 2023 CMake 3.27 ta fara gargaɗi a kan duk abin da ya gaza 3.5, a Maris 2025 kuma CMake 4.0 ta cire jituwa da shi. Ayyuka masu tarin yawa suka ƙi ginuwa a kan sababbin tsare-tsare, ba don an taɓa su ba, sai don an daɗe ba a taɓa su ba. Abin takaicin shi ne maganin yana nan tun CMake 3.12: a rubuta lamba biyu da ɗigo uku a tsakani, ta ƙasa mafi ƙarancin da aka yarda da shi, ta sama mafi sabuwar da aka gwada. Haka GCC 14 ta yi a 2024, ta mayar da kiran aikin da ba a gabatar da shi ba kuskure mai tsayar da gini, bayan shekara da shekaru tana gargaɗi kawai, alhali tun C99 aka haramta shi. Idan kiɗa ya canza, wanda ya ƙi canza rawa shi ma zai fita daga fili.

Tunda ɗagawa ba makawa, abin da ya rage shi ne yadda za a yi, kuma a nan akwai ayyukan da suka bar abin koyi. Wanda ya fi burge ni shi ne na Git. Idan suna son fara amfani da wani abu na C99, sukan saka shi a wuri ɗaya tak, mai sauƙin cirewa, su saki siga, su jira. Idan watanni suka wuce ba wanda ya zo da kuka, sai a halatta shi ko'ina. Da haka aka san wa ke can da gaske, maimakon a yi ta tsoron wani mai amfani da ba a tabbatar yana nan ba. LLVM kuma, aikin da ke fitar da Clang, yakan fara da tsayar da gini tare da saƙo bayyananne da wani saiti da zai ba mutum damar wucewa na siga ɗaya, sai a ta gaba a rufe. Wanda abin ya shafa ya ji a jikinsa tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Masana kimiyya masu Python sun bi ta kalanda. A 2019 NumPy ta amince da wata ƙa'ida mai suna NEP 29: za a tallafa wa duk sigar Python da ta fito cikin watanni 42 da suka wuce, da ta NumPy cikin watanni 24. Amfaninta shi ne ta kashe gardama. Ba sai an sake zama kowace shekara ana jayayya ba, kowa na iya duba ranar da sigarsa za ta faɗi tun shekaru kafin ta zo. Wasu kuma sukan ɗaura lambarsu a kan abin da ke cikin tsare-tsaren da har yanzu masu su ke tallafa wa: idan Ubuntu 22.04 ita ce mafi tsufa a jerinsu, to GCC 11 da CMake 3.22 ne ƙasa. Na fi son wannan ga laburaren C da C++, saboda mutane daga tsarinsu suke samun kwamfaila, ba daga kalanda ba.

A duniyar Rust, inda sabuwar kwamfaila ke fitowa duk mako shida, an daɗe ana muhawara ko ɗaga mafi ƙarancin siga karya alkawari ne da ya cancanci a canza babbar lambar laburare. Masu cewa e suna da gaskiya ta fuskar wanda gininsa ya tsaya. Masu cewa a'a suna nuna cewa idan kowane laburare ya canza babbar lamba duk lokacin da ya ɗaga, za a cika da sigogi barkatai da ba sa jituwa. A ƙarshe kayan aiki ne suka sassauta rikicin. Tun Rust 1.56 a 2021 laburare na iya rubuta mafi ƙarancin sigarsa a fayil ɗin bayaninsa, kuma daga 1.84 a Janairun 2025 Cargo, kayan ginin Rust, na iya duba kwamfailar da aiki ya ce yana da ita, ya zaɓo masa sigar laburaren da za ta yi daidai. Mai tsohuwar kwamfaila ya samu tsohon laburare ba tare da hayaniya ba.

Nan kuma wata matsalar ta ɓullo, wadda a ganina ita ce mafi nauyi. "Ku zauna a kan tsohuwar siga" shawara ce mai kyau har ranar da aka gano ɓaraka a cikinta. Idan gyaran yana sabuwar siga kaɗai, wadda ba za su iya ginawa ba, an bar su a buɗe. Shi ya sa nake ganin laburaren da ke taɓa tsaro ko bayanan da ke shigowa daga waje, idan zai ɗaga lamba, ya kamata ya ware siga ta ƙarshe mai tafiya da tsofaffin kaya, ya faɗi wata nawa zai ci gaba da yi mata facin tsaro, ko da shida ne. Bayan nan nauyin ya koma kan masu tsarin da ke karɓar kuɗi don riƙe tsofaffin kaya, ko kamfanin da ke bukata ya ɗauki nauyin reshen da kansa.

Abin da nake nema daga mai kawo shawarar ɗagawa kuwa bai da yawa. Ya faɗi abin da za a samu da sunansa: wane aibu zai tafi, layi nawa na kewaye-kewaye za a goge, wane gyara ne ya tsaya saboda tsohuwar lambar, kamar yadda Torvalds ya nuna ma'ajin zagaye ya ce ga dalili. "Ta tsufa" kaɗai bai isa ba. Ya kuma ɗaga zuwa inda bukatar ta tsaya, kada ya zarce zuwa sigar da ke kan kwamfutarsa. Mai adawa shi ma a tambaye shi: wane tsari kake kai, me ya hana ka ɗora sabuwar kwamfaila a gefe, kuma za ka riƙe injin gwajin da zai tabbatar tsohuwar na aiki? Idan ya ce zai riƙe, a ba shi wuri, a rubuta sunansa kusa da lambar. Idan kowa ya yi shiru, a saka ranar a cikin bayanin siga mai zuwa, a sa kayan gini su fara gargaɗi tun yanzu, sannan a ɗaga a wadda ke biye.